Yadda na rufe kamfanin da bai taɓa sayar da ko allura ba

A watan Maris na 2019 ni da yayana muka yi wa kamfani rajista. Wani abokinsa ne ya tsegunta masa cewa za a fitar da kwangilar kujeru da tebura na makarantun firamare, amma ba za a kula mai rajistar sunan kasuwanci ba, sai mai limitad. Muka sami wani ejan, muka ba shi kuɗi da hotuna da katin shaida. Bayan 'yan makonni ya kawo mana satifiket mai lambar rajista, wato RC, da hatimi, da ɗaurin takardu masu ɗauke da sunan kamfani a sama. Ni darakta, Yaya darakta, hannun jari miliyan ɗaya muka raba biyu. Muka buɗe asusu a banki muka zuba naira dubu 200 don kada a ce kamfani ba shi da ko sisi. Shekarar ta ƙare ba labari. Farkon 2020 aka ce abu ya zo gangara, ejan ya sake karɓar kuɗi ya samo mana takardar shaidar biyan haraji, wadda aka fi sani da kiliyarans. Sai korona ta sauka, a watan Afrilu aka kulle Kano, maganar kwangila ta bi ruwa. Yaya ya koma Kaduna da zama, ni na ci gaba da shagona na kayan wuta. Takardun kamfani na zuba su a wata jakar leda na cusa saman kabad. A tunanina, abin da ba ya ciniki ba shi da wata hulɗa da gwamnati.

A tsakiyar 2023 na ji a rediyo cewa Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, za ta soke sunayen kamfanoni wajen dubu 100 da suka shekara goma ba su kai rahoton shekara-shekara ba. Wallahi murna na yi. Na ce ashe ma kyauta ake rufewa, mutum ya yi shiru kawai. Da wannan tunanin na zauna har watan Janairun 2024, ranar da muka haɗu da wani lauya, ɗan ajinmu na sakandare, a wajen ɗaurin aure. Muna zaune a tabarma ana jiran ango na kawo masa zancen cikin raha. Bai yi dariya ba. Ya karɓi wayata ya shiga shafin binciken kamfanoni na CAC, ya rubuta sunan namu, ya miƙo mini. An rubuta cewa kamfanin ba ya aiki, wato alamar da ake sa wa waɗanda ba su kai rahoto ba. Ya ce, "Malam, wannan ai ƙaramin ciwo ne. Kamfaninku shekararsa biyar ma bai cika ba, saura biyar da ɗoriya kafin maganar sokewa ta shafe ku. Kuma ko an soke, sashe na 692 na dokar kamfanoni, CAMA, ta 2020 ya ce nauyin da ke kan darakta yana nan. Babban ciwon yana wajen masu haraji, domin can tara ba ta barci." Na ce, "Barista, harajin me? Ko allura ba mu taɓa sayarwa ba." Ya ce ba harajin ake ci maka tara a kai ba, rashin zuwa ka faɗi cewa ba ka sayar ba ne laifin.

Daren nan na zauna da biro da bayan kalanda. Ga yadda dokar take a lokacin. Dokar Kuɗi ta 2019, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2020, ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni harajin riba, wato waɗanda cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba. Amma ba ta ɗauke musu kai rahoto ba. Kowane kamfani zai kai lissafinsa ga Hukumar Tara Haraji ta Tarayya, FIRS, cikin wata shida bayan rufe shekararsa. Namu yana rufewa 31 ga Disamba, saboda haka 30 ga Yuni ne wa'adinmu. Wanda ya makara, tarar watan farko naira dubu 25, kowane wata bayansa dubu 5, kuma kowace shekara da nata lissafin daban. Na ƙirga zuwa ƙarshen Fabrairun 2024: shekarar 2022 dubu 60, ta 2021 dubu 120, ta 2020 dubu 180, ta 2019 dubu 240. Jimla dubu 600 cif. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kowane wata da ya kama, dubu 20 ke hawa kai, ina shago ina cinikin kwan fitila ana mini ragin naira hamsin. Da safe na kira ejan ɗinmu na da. Ya ce in kawo dubu 500 ya rufe komai, ba sai na taka ƙafata ko'ina ba. Na tambaye shi ko har da tara a ciki. Ya yi ɗan jim, ya ce tara ai ta gwamnati ce, wannan daban. Na ce to zan neme shi. Har yau ban neme shi ba.

Ranar Litinin 29 ga Janairu na tafi ofishin haraji da kaina, gabana na faɗuwa, don na ɗauka ina shiga za a riƙe ni. Na isa kafin ƙarfe tara, na rubuta suna a littafin baƙi, aka nuna mini benci. Ba ni da komai a hannu sai kwafin satifiket da lambar shaidar mai biyan haraji, TIN, da na kwafo a wata 'yar takarda. Bayan kamar awa ɗaya aka shigar da ni wajen wata jami'a mai kula da fayil ɗin ƙananan kamfanoni, dattijuwa mai tabarau. Na gaishe ta, na fara dogon bayani tun daga kujerun makaranta. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, irinku muna gani kullum. Kamfanin ya taɓa ciniki ko bai taɓa ba?" Na ce bai taɓa ba. Ta ce, "To ba bakinka zai faɗa ba, sitatimen na banki ne zai faɗa." Ta juya takardar da na zo da ita ta rubuta mini abubuwa huɗu a baya: sitatimen tun daga ranar buɗe asusu, takardar bayanin halin da kamfani yake ciki ta kowace shekara wadda akanta mai lasisi ya sa wa hannu da hatimi, wasiƙa a takardar kamfani mai bayyana cewa ba a fara aiki ba, da kuma shiga TaxPro Max, shafin da hukumar ta koma karɓar rahoto ta cikinsa tun watan Yunin 2021. Na tambaye ta batun harajin kayan saye, VAT, don wani ya tsorata ni cewa tararsa dubu 50 ce watan farko, dubu 25 kowane wata. Ta ce haka ne ga waɗanda abin ya hau kansu, amma wanda cinikinsa bai kai miliyan 25 ba doka ba ta ɗora masa kai rahoton VAT na wata-wata ba. Nan na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Har na miƙe sai ta ce, "Ka ce kun taɓa karɓar kiliyarans a 2020? To ba a ba da ita sai an kai lissafi. Je ka bincika takardunka, wataƙila an kai na 2019. In ka sami kwafi mai hatimin karɓa, ka zo da shi." Ta kuma gaya mini cewa da na zo a Disamba da na tarar da sanarwar rangwamen da hukumar ta yi wa masu biyan tsohon bashi kafin ƙarshen 2023. Wata guda kacal tsakanina da ita.

Na dawo gida na sauko da jakar leda. Ƙura, da kashin kyankyasai, da katin bikin wani da ya riga ya haifi 'ya'ya biyu. Can ƙasa, a naɗe cikin ambulan, na sami shafi uku da ejan ya kai a Fabrairun 2020, da shuɗin hatimin karɓa a kusurwa, ya ɗan kode amma kwanan wata na karantuwa. Tare da su akwai rasit na naira dubu 20, kuɗin da kamfanin da bai fara aiki ba yake biya a shekarar farko kafin a ba shi kiliyarans, sannan dubu 25 a kowace shekara bayanta. Wannan shafi uku su suka sauko da lissafina daga dubu 600 zuwa dubu 360. A nan dai dole in yi wa ejan adalci, ya yi aikin da aka biya shi. Inda ya bar mini ƙaya shi ne imel. Lokacin da ya karɓo mana TIN, adireshinsa da lambar wayarsa ya saka, saboda haka duk saƙon shiga TaxPro Max can zai tafi. Sai da na rubuta wasiƙar neman canjin imel da lambar waya, na haɗa da kwafin satifiket da katin shaidata, na kai, na jira kwana takwas kafin saƙo ya shigo wayata.

Banki ne ya fi cin lokaci. Asusun ya daɗe a kwance, kuma ƙa'idarsa sai mu biyu mun sa hannu. Aka ce in kawo ƙudurin daraktoci a takardar kamfani, da katin shaida mai rai na kowa, kuma Yaya ya zo da ƙafarsa. Sai da ya ɗauki hutun kwana ɗaya ya taso daga Kaduna bayan sallar asuba. Muka wuni a bankin, sau biyu ana cewa na'ura ta tsaya, la'asar sakaliya aka miƙo mana shafi goma sha ɗaya. A cikin adaidaita sahu nake dubawa. Shafi bayan shafi ba komai sai 'yan kuɗin da banki ke yanka, dubu 200 ɗinmu tana ta zagwanyewa. Sai a shafi na bakwai, watan Agustan 2021, na ga naira miliyan ɗaya da dubu 400 ta shigo ranar Litinin ta fita ranar Laraba. Na nuna masa da yatsa ban ce komai ba. Ya karɓa ya ƙura ido, can ya ce, "Au! Kuɗin motata ne." Ashe lokacin da ya sayar da tsohuwar motarsa asusunsa na da matsala, sai ya ba mai saye lambar asusun kamfani, kuma ni da kaina na sa hannu a cekin da aka fitar da kuɗin, ranar sunan 'yar ƙanwarmu, a tsaye a ƙofar gida, ban ko karanta ba. Ba a yi wa babba faɗa, balle a cikin adaidaita sahu. Na dai ce, "Yaya, wannan layin guda zai iya mayar da mu kamfanin da ya yi ciniki." Ya ce, "To ai sai a gyara." Ya yi shiru har muka sauka.

Akantan da Barista ya haɗa ni da shi ɗan ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ne, yana da ɗan ofis a saman wani bene. Muka yi ciniki a kan dubu 20 kowace shekara, shekara huɗu: 2020, 2021, 2022, da 2023 wadda wa'adinta bai zo ba tukuna amma ya ce a haɗa a huta. Da ya ga kuɗin motar bai girgiza ba. Ya ce kuɗin darakta ne suka shiga suka fita, haka zai rubuta, amma kada mu yarda mu je da baki kawai. Yaya ya tono takardar cinikin motar mai sa hannun shaidu biyu ya turo hotonta, sannan ya je babbar kotu a Kaduna ya yi takardar rantsuwa cewa kuɗin nasa ne na kansa, ba na kamfani ba, ya ba direban mota ya kawo mini tasha. Akantan ne kuma ya faɗa mini maganar da ta fi kowace amfani a tafiyar nan. Ni niyyata in fara rubuta wasiƙar roƙon sassauci, in ga abin da za a ce, sannan in kai rahoto. Ya ce, "Alhaji, ka juya abin. Tara tana tsayawa ne ranar da rahoto ya shiga, ba ranar da ka fara roƙo ba. Shigar da rahoto tukuna, sannan ka yi ta roƙo har shekara in ka so." A lokacin saura kwana shida wata ya ƙare, kuma in Maris ya kama, dubu 15 ta ƙaru. Takardar rantsuwa ba ta iso ba sai ranar Laraba da yamma. Allah ya taimake ni shekarar Fabrairu kwana 29 ne. Ranar Alhamis ɗin nan muka zauna gaban kwamfutarsa, janareto na ruri a ƙasa, ya shigar da shekarun ɗaya bayan ɗaya, ya buga mini shaidar kowacce. Washegari na kai kwafin takardun ofis, Hajiyar nan mai tabarau ta duba na motar ta karanta rantsuwar har ƙarshe, ta sa a fayil, aka buga mini hatimin karɓa a nawa kwafin.

Wasiƙar roƙon na rubuta ta da hannuna akanta ya gyara. Ban sami ragi ba, kuma ban ga laifin kowa ba, doka ce na taka. Abin da na samu shi ne izinin biya kashi uku, dubu 120 a Maris, a Afrilu, da Mayu. Kowane biya sai a ciro lambar biya daga shafin, in je banki, in dawo da rasit. Ko sau ɗaya ban miƙa wa wani mutum kuɗin tara a hannu ba, kuma ba wanda ya nema. Biyan farko ya faɗo cikin azumi, na biyu kuma daf da hidimar ƙaramar salla, ga shi lokacin kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabi. Rabon kuɗin tsakanina da Yaya ma sai da ya so ya zama magana. Shi yana ganin ni ke Kano, takardu na hannuna, ni ya kamata in lura. Ni ina ganin shi ya kawo zancen kamfanin tun farko. Hajiyarmu ce ta kashe wutar ranar salla, ta ce yadda kuka raba hannun jarin haka za ku raba asarar, kada in ƙara ji.

Na kuma leƙa ofishin harajin jiha, don kamfanin da ke da ma'aikata can yake kai harajin albashinsu. Mu ba mu taɓa ɗaukar ko maigadi ba, ba a taɓa buɗe mana fayil ba. Minti ashirin na fito.

Saura kamfanin kansa. A nan muka daɗe muna ja da Yaya a waya, kuma gaskiya hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce tunda an riga an wanke shi, a bar shi a kwance ana kai rahoton babu duk shekara, domin masu ba da kwangila suna son kamfani mai shekaru, mai kiliyarans ta shekara uku. Kuɗin riƙe shi a shekara bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan kasuwa ma ya yi mana tayin saye, a canza daraktoci a mayar masa da hannun jari. Barista ya ce halal ne a doka, amma in ba a kammala canjin a CAC yadda ya kamata ba, sunanka na nan a kan abin da ba ka san me ake yi da shi ba. Ni dai na san halinmu. Shekara biyu za mu yi muna kaiwa, ta uku kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya kai. Na ce a rufe. Barista ya zayyana mana hanya biyu. Ta farko ita ce rushewa ta son rai: daraktoci su yi rantsuwar cewa kamfani zai iya biyan duk bashinsa cikin wata goma sha biyu, a naɗa ƙwararren da zai tattara kadarori ya sallami masu bin bashi, a yi taruka, a yi sanarwa. Wannan ita ce hanyar kamfanin da ya taɓa aiki, kuma kuɗin ƙwararren kaɗai ya fi ƙarfinmu. Ta biyu, mai sauƙin, tana cikin wancan sashe na 692: kamfani da kansa ya nemi a soke sunansa, da sharaɗin bai taɓa fara aiki ba, ba a binsa komai, masu hannun jari sun zartar da ƙuduri na musamman, an buga a jaridun ƙasa guda uku, an jira kwana 28 ba wanda ya kawo ƙorafi mai tushe. Sai a lokacin na gane girman haɗarin da kuɗin motar nan ya jefa mu. Da ba mu da takardar ciniki da rantsuwa, da ƙofar mai arha ta rufe.

Kafin a nemi sokewa sai da aka biya bashin rahoton shekara-shekara na CAC, wanda 'yan ofis ke kira anuwal ritan. Barista ya yi ta shafinsa na wakili mai izini, ya yi amfani da takardun da akanta ya riga ya shirya, aka biya ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati. Duka da tarar makara dubu 45 ne. Ya kuma shigar da sunayenmu a matsayin masu iko da kamfanin, abin da dokar 2020 ta wajabta kuma ba mu taɓa yi ba. Bayan 'yan kwanaki alamar ta canza a shafin bincike, kamfani ya koma mai rai, abin dariya, a daidai lokacin da muke haƙa masa kabari. A watan Yuni Yaya ya zo, muka yi babban taron masu hannun jari a falona, ni da shi da Barista da kwanon ɗanwake, muka sa hannu a ƙuduri. Daga nan muka wuce banki muka rufe asusun. Barista ya matsa a yi wannan kafin sokewa, don duk dukiyar da ta rage da sunan kamfanin da aka rushe ta zama ta gwamnati. Jaridu kuwa na ci ƙasa a kansu. Farashin farko da aka faɗa mini na kwatan shafi ne, na kusa fasa komai. Sai wani mai karɓar talla ya nuna mini ƙananan akwatunan sanarwa na shafukan baya, kusa da inda ake buga canjin suna. Uku suka tashi dubu 105. Ranar da kowacce ta fito na sayi kwafi biyu, na ajiye shafin gaba ɗaya ba tare da na yanke ba, don kwanan wata da sunan jaridar suna sama. Kwana 28 suka wuce ba wanda ya ce uffan. Ƙarshen Yuli aka shigar da buƙata. An dawo da ita sau ɗaya, saboda sa hannun Yaya a ƙudurin bai yi kama da wanda ya yi a 2019 ba, ya sake. Daga nan sai jira. Na riƙa duba shafin duk Juma'a bayan masallaci, har wata Juma'a a Oktoba na ga an soke. Litinin na kai wa Hajiyar ofishin haraji wasiƙar sanar da dainawa, da shaidar sokewar, da lissafin watannin 2024 da akanta ya ƙara mini kyauta. Dokar VAT ta lokacin ta ba da kwana 90 a sanar da hukuma in an daina aiki, ban so in sake gwada sa'ata da wani wa'adin ba. Ta buga hatimi ta ce, "Malam, Allah ya sa ka huta." Na ce amin, Hajiya, na gode da haƙuri.

Da na tattara rasitai: tara dubu 360, akanta dubu 80, CAC dubu 45, Barista dubu 70 kuma na san ya yi mini zumunci, jaridu dubu 105, sai kuɗin shigar da buƙata da rantsuwa da hoton takardu da mota wajen dubu 50. Dubu 710 ke nan, wata tara ana abu ɗaya, a kan kamfanin da bai taɓa kawo mana kwabo ba. Ba zan kira wannan arha ba. Amma fiye da rabinsa tara ce, kuma ita ba wanda ya ɗora mini sai ni. Da tun 2021 ina ba akanta dubu 20 duk shekara yana shigar da rahoton babu kafin ƙarshen Yuni, da ba ta taso ba sam. Wanda ke cikin irin halin da na shiga, abin da zan ce masa shi ne ya fara zuwa ofishin harajin da fayil ɗinsa yake, da ƙafarsa, kafin ya ba kowa kuɗi, domin tambaya kyauta ce kuma a rabin awa na san abin da ejan zai caje ni dubu 500 a kai. Ya karɓi sitatimen ya karanta layi-layi kafin ya rantse cewa kamfaninsa bai taɓa aiki ba. Ya tabbatar imel da lambar wayar da ke kan TIN nasa ne. Kada ya bar ofis da kwafin da ba a buga wa hatimin karɓa ba. Kuma kada ya rikita hukumomin biyu: biyan CAC ba ya goge na haraji, na haraji ba ya goge na CAC, kowacce da littafinta. Shi kuwa asusun kamfani, ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ne ya ce a ara masa na kwana biyu, ka ba shi haƙuri. Mai ƙaramar sana'a da ba kwangila yake nema ba, ya yi tunani sau biyu kafin ya yi limitad, rajistar sunan kasuwanci ta ishe shi, harajinsa na jiha ne a matsayinsa na mutum.

Alƙaluman tarar da na kawo na dokar da ke aiki a 2024 ne. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji da aka tsara su fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar FIRS ta koma sunan NRS, tarar makara da rahoto kuma ta koma dubu 100 a watan farko da dubu 50 kowane wata bayansa. Abin da ke hawa kaina dubu 5 a wata ya ninka goma. Akanta ya ce in riƙe takardun aƙalla shekara shida ko da an soke kamfanin, saboda haka na sayi fayil mai zoben ƙarfe na jera su bisa kwanan wata, tun daga satifiket ɗin 2019 har wasiƙar Oktoba, na yi wa Yaya kwafi ɗaya na aika masa Kaduna.